RA'AYINMU: HANNU DA YAWA, IDO NAWA?

Duk ɗalibin da ya taɓa riƙe muƙami a wata ƙungiya, ko da ta 'yan gari ɗaya ce, ya san wahalar ranar fitar da kuɗi daga banki. Sai an nemo Shugaba daga aji, a taso Ma'aji daga ɗakin kwana, a bi Sakataren Kuɗi har ɗakin karatu, kowa ya sa hannu a kan cak, kafin banki ya ba da ko da kwabo. Sau da yawa mukan ji ana gunaguni, wai wannan ɓata lokaci ne. Amma magabatanmu da suka kafa wannan doka ba don su wahalar da mu suka yi ba. Sun dai san halin ɗan Adam ne game da dukiyar jama'a, suka ga bai kamata a bar wa mutum ɗaya tukunya da ludayi ba, kome kyawun halinsa kuwa.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana a wannan fitowa shi ne, tsohuwar dokar nan ta sa hannu da yawa ta sami sabon gida a duniyar kuɗin intanet, waɗanda ake kira kirifto, kuma a can ta gamu da wata jarrabawa wadda ya kamata kowane mai riƙe amanar jama'a ya yi nazarinta. A ranar 21 ga watan Fabrairu na 2025 aka kwashe kuɗin Ether fiye da 400,000 daga asusun kamfanin Bybit, wata babbar kasuwar musayar kirifto mai hedikwata a Dubai. A farashin wannan rana sun kai kimanin Dalar Amurka miliyan 1,500, kuma har zuwa lokacin ba a taɓa yin sata mai girmanta a wannan fage ba. Abin al'ajabi kuwa shi ne, ɓarayin ba su fasa kulle ba, ba su kuma sace mabuɗin kowa ba. Manyan jami'an kamfanin ne da kansu suka sa hannu, ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda dokarsu ta tanada.

Wani zai ce, ina ruwanmu da asarar attajiran Dubai, mu da muke fama da kuɗin makaranta? Ruwanmu biyu ne. Na farko dai wannan harka ta riga ta shigo mana gida. Kamfanin Chainalysis, wanda ke bin diddigin cinikin kirifto, ya sa Nijeriya a matsayi na biyu a duniya wajen rungumar waɗannan kuɗi a 2023 da kuma 2024, kuma kowa ya san matasa ne jagaban abin, cikinsu har da mazauna ɗakunan kwananmu. Na biyu, mu da muke kan benci yau mu ne akantoci da ma'aji da manyan sakatarorin gobe, wasunmu ma da ke karanta wannan mujalla sun riga sun kama aiki. Ranar da za a turo mana takardar biya a ce mu sa hannu tana nan tafe. Masu iya magana kuwa sun ce, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kafin mu yi nisa, bari mu warware kalmomi domin wanda bai saba da su ba. Abin da ake kira bulokcen wani babban littafin lissafi ne na shiga da fitar kuɗi, wanda ba ya hannun wani banki ko wata gwamnati. Dubban kwamfutoci a ƙasashe dabam-dabam kowace tana riƙe da kwafinsa, ba a kuma ƙara masa sabon shafi sai sun daidaita a kai. Kowane shafi an ɗaure shi da wanda ya gabace shi da wani hatimi na lissafi, ta yadda in wani ya taɓa tsohon shafi sai duk na bayansa su ƙi daidaita, asiri ya tonu. Wani mai kiran kansa Satoshi Nakamoto ne ya bayyana tsarin a 2008, kuɗin Bitcoin kuma suka fara aiki da shi a farkon 2009.

A cikin wannan littafi ba a san suna ba, ba a san fuska ba. Abin da aka sani kawai shi ne mabuɗin sirri, watau wani dogon jerin lambobi wanda da shi ake sa hannu a kan kowane umurnin biya. Wanda ya riƙe mabuɗi shi ne mai kuɗi, ko da kuwa sato shi ya yi. In mabuɗi ya ɓata, kuɗi sun tafi tare da shi. In kuma an riga an aika kuɗi, ba wani manaja da za a je a roƙa ya tsayar da biya, ba kuma alƙalin da zai umurci littafin ya mayar. Wannan taurin kai shi ne ƙarfin tsarin, domin ba mai iya murɗe lissafi, shi ne kuma babban haɗarinsa.

Mutanen Kanada sun ɗanɗana illar barin mabuɗi a hannu ɗaya. A watan Disamba na 2018 Gerald Cotten, shugaban kasuwar musayar QuadrigaCX, ya rasu a Indiya yana da shekara 30, sai kamfanin ya sanar cewa shi kaɗai ya san hanyar buɗe asusun da aka ajiye dukiyar jama'a. Da masu bincike suka gano asusun, sai suka tarar tun watanni kafin rasuwarsa an riga an share su tas. Hukumar kula da hannun jari ta lardin Ontariyo ta ba da rahoto a 2020 cewa mutane 76,000 sun yi asarar aƙalla Dalar Kanada miliyan 169, kuma mafi yawan asarar daga zambar shi shugaban ta taso. Ashe mutuwarsa tona asiri kawai ta yi. Ɓarnar ta faru ne tun yana da rai, lokacin da yake juya dukiyar mutane shi kaɗai, ba mai leƙa abin da yake yi.

Don kauce wa irin wannan ne aka ƙago tsarin sa hannu da yawa. A Bitcoin ya sauƙaƙa tun daga 2012, lokacin da aka yi wani gyara da ya ba da damar ɗaure kuɗi da mabuɗai da dama. Amma ya fi bunƙasa bayan da aka ƙaddamar da Ethereum a 2015, domin shi wannan littafi, ban da lissafin kuɗi, yana iya ɗaukar 'yan ƙananan manhajoji waɗanda ake kira kwantiragi mai zartar da kansa. Wani masani Ba'amurke, Nick Szabo, shi ya raɗa wa abin suna tun cikin shekarun 1990. Ma'anarsa ita ce a rubuta sharaɗi cikin harshen kwamfuta, a ajiye shi a cikin littafin, in sharaɗin ya cika sai aiki ya zartu da kansa, in bai cika ba kuwa ko wane ne ya zo ba zai motsa ba.

Ga yadda abin yake gudana. A ce mutum biyar sun haɗa dukiya. Sai su buɗe asusu wanda kwantiragi ne ke riƙe da shi, su rubuta a cikinsa cewa ga mabuɗanmu biyar, kada a fitar da kome sai uku daga ciki sun yarda. In biya ta taso, ɗaya daga cikinsu sai ya gabatar da ita, ya faɗi adadi da inda za a aika. Sauran kowa ya duba daga inda yake, ko yana Zariya ko yana Landan, ya sa hannu da mabuɗinsa. Da zarar hannu uku sun cika, kwantiragin zai auna kowannensu da jerin da aka ba shi, sa'an nan ya saki kuɗin. Kowane umurni yana da lambarsa, saboda haka ba a iya maimaita tsohon sa hannu a ci kuɗi sau biyu. Haka nan in ana so a cire wani daga cikin biyar ɗin, ko a ƙara wani, ko a rage yawan hannun da ake bukata, sai an bi ta wannan ƙofar. Mafi shahara cikin irin waɗannan kwantiragi shi ne Safe, wanda kamfanin Gnosis ya fitar a 2018, kuma ƙungiyoyi da kamfanoni masu yawa sun ajiye dukiya mai tarin yawa a cikinsa.

Lalle wannan tsari ya cancanci yabo, ba kuwa za mu hana shi haƙƙinsa ba. Akawun banki yana iya jin kunyar babban mutum ya biya cak da hannu ɗaya, a ce na biyu zai zo daga baya, amma kwantiragi bai san kunya ba, bai san sarauta ba. Yana yiwuwa a kwaikwayi sa hannun biro, sa hannun lissafi kuwa sai mai mabuɗi. In mabuɗi ɗaya ya ɓata, ko mai shi ya rasu, sauran huɗun za su ci gaba da aiki, su kuma naɗa wani a gurbinsa. Daɗin daɗawa, duk abin da ya fita, da adadinsa da lokacinsa da mabuɗan da suka yarda da shi, yana nan a rubuce a fili, kowane ɗan ƙungiya yana iya dubawa ba tare da ya roƙi Ma'aji ya kawo littafi ba. Wanda ya taɓa zama a taron ƙungiya ana neman rasiɗi ana ta kame-kame ya san darajar wannan.

To, in haka ne, ta ina ɓarawo ke shiga? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tarihin 'yan shekarun nan ya nuna mana tsaga uku.

Ta farko ita ce a sami aibi a jikin kullen kansa. Kwantiragi mutum ne ya rubuta shi, ɗan Adam kuwa ajizi ne. Kamfanin Parity, wanda Gavin Wood ya kafa, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina Ethereum, ya fitar da irin wannan asusu mai mabuɗai da yawa, mutane suka amince da shi saboda sunan masu shi. A watan Yuli na 2017 wani ya gano kuskure a cikin rubutun, ya mai da kansa mamallakin asusu uku, ya kwashe Ether kimanin 153,000. Aka yi gyara. A watan Nuwamba na wannan shekarar kuma sai wani mai taɓe-taɓe ya rushe wani sashe na manhajar wanda ɗaruruwan asusu suka dogara a kansa, Ether fiye da 500,000 suka maƙale. Masu kuɗin suna riƙe da mabuɗansu cif, suna kallon dukiyarsu a cikin littafi, amma ƙofar da mabuɗan za su buɗe ta riga ta ɓace. An kawo shawarar a ceto kuɗin a 2018, jama'ar Ethereum ba su daidaita a kanta ba.

Tsaga ta biyu ita ce a ga mabuɗai da yawa a rubuce, alhali kuwa duk a aljihu ɗaya suke. Kamfanin Sky Mavis na ƙasar Biyetnam, mai wasan Axie Infinity, ya gina wata gada ta tsallakar da kuɗi mai suna Ronin, ya ce ba a fitar da kome sai biyar daga cikin mabuɗai tara sun yarda. A ido wannan tsaro ne mai ƙarfi. Amma huɗu daga cikin taran nan na kamfanin ne shi kaɗai. Bugu da ƙari, a watan Nuwamba na 2021, da aiki ya yi yawa, masu riƙe da wani mabuɗin suka ba kamfanin izinin ya riƙa sa hannu a madadinsu na ɗan lokaci. Lokacin ya wuce, ba wanda ya tuna ya janye izinin. Da masu kutse suka yaudari wani ma'aikaci suka shiga kwamfutocin kamfanin, sai suka tarar da biyar ɗin a wuri guda. A ranar 23 ga Maris na 2022 suka ɗebe Ether 173,600 da wasu kuɗin masu darajar Dala miliyan 25.5, jimla fiye da Dala miliyan 600. Sai bayan kwana shida aka farga, shi ma don wani ya zo cirar kuɗinsa ne ya kasa. Hukumomin Amurka sun ɗora laifin a kan gungun Lazarus na Koriya ta Arewa.

Ta uku kuwa ita ce ta Bybit, ita ce kuma ta fi ba mu tsoro, domin a nan kulle lafiyarsa lau, mabuɗai kuma kowanne yana hannun mai shi. Masu bincike sun tabbatar cewa kwantiragin Safe da kamfanin ke amfani da shi ba shi da wani aibi. Abin da ɓarayin suka yi shi ne, suka kutsa kwamfutar wani ma'aikacin Safe, ta nan suka gurɓata shafin da masu sa hannu ke dubawa kafin su yarda da biya, suka tsara shi yadda ba zai yi ƙarya ga kowa ba sai ga Bybit. Ranar da jami'an suka zo yin aikin da suka saba, watau ɗebo kuɗi daga babban rumbu zuwa ƙaramin asusun ciniki, allon kwamfuta ya nuna musu adadi daidai da adireshi daidai. Amma umurnin da aka miƙa wa mabuɗansu dabam ne: umurni ne na sauya dokar asusun gaba ɗaya, a miƙa ragamarsa ga ɓarayi. Shugaban kamfanin, Ben Zhou, ya faɗa da bakinsa cewa shi ne na ƙarshe da ya sa hannu, kuma 'yar na'urar da ke riƙe da mabuɗinsa tarin lambobi ta nuna masa, bai kuwa bi su ya tantance har ƙarshe ba. Hukumar FBI ta Amurka ta ce wannan ma aikin Koriya ta Arewa ne. Kamfanin ya cike giɓin cikin 'yan kwanaki ta hanyar rance da sayen wasu kuɗin, amma ba kowa ke da irin wannan ƙarfi ba.

A nan ne muke so mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Jami'an nan duka madubi ɗaya suka duba, da madubin ya yi ƙarya sai ya yi musu ƙarya gaba ɗaya. Muna kuma kyautata zaton kowannensu ya sami natsuwa da sanin cewa ba shi kaɗai ba ne: na farko ya dogara ga cewa akwai masu dubawa a bayansa, na ƙarshe ya dogara ga cewa an riga an duba a gabansa. Ta haka yawan hannu, wanda aka ƙago don ya ƙara tsaro, yake komawa dalilin sakaci. Kwantiragi yana iya ƙirga hannu, amma ba shi da hanyar sanin ko mai hannun ya karanta abin da ya sa wa hannu, balle ya san ko tsoro ne ya sa shi, ko kwaɗayi, ko gaggawar tafiya gida. In mutum uku daga cikin biyar suka haɗa baki su cuci jama'a, zai sakar musu kuɗin cikin ladabi, ya kuma rubuta cewa an bi doka.

Saboda haka ba mu tare da waɗanda ke ta yayata cewa wannan fasaha za ta kawo ƙarshen cin amana, wai da an zuba baitulmalin ƙasa a cikin kwantiragi da an huta da ɓarayin biro. Haka nan ba mu tare da waɗanda suka ji labarin Bybit suka ce ai ga shi nan, sa hannu da yawa aikin banza ne. Wanda ya faɗi haka ya manta da QuadrigaCX. Don a ci asusun Bybit sai da aka bi ta bayan gida, aka kutsa wani kamfani dabam, aka shirya yaudara mai zurfi. Asusun da ke hannun mutum ɗaya kuwa kuskure ɗaya ko mugun nufi ɗaya ya ishe shi. Matsayinmu shi ne, tsarin yana da kyau, wajibi ne ma ga duk dukiyar da ta zama ta jama'a, amma ƙarfinsa bai wuce yawan idanun da suka duba da kansu ba, kowanne ta hanyarsa.

Kada kuwa mu ɗauka wannan ciwo na masu kwamfuta ne kaɗai. Mu nan mun gani da idonmu a wata ƙungiyar ɗalibai, wadda ba za mu kama sunanta ba. Ma'ajinta mutumin kirki ne, ba wanda ya taɓa zarginsa da cin ko sisi. Da zai tafi koyon aiki na wata shida, sai ya sa hannu a kan takardun cak da dama waɗanda ba a rubuta kome a kansu ba, ya bar wa Shugaba, wai don kada ayyukan ƙungiya su tsaya. Da shekara ta ƙare aka zo lissafi, kowane cak yana ɗauke da hannu biyu kamar yadda tsarin mulkin ƙungiyar ya ce, asusu kuwa wayam. Da aka tuhumi Ma'ajin, sai ya rantse bai ci ba, mun kuma gaskata shi. Amma sa hannunsa ne ya buɗe ƙofa. Tsakaninsa da shugaban Bybit bambancin yawan kuɗi ne kawai.

'Yan'uwanmu da suka fara aikin gwamnati sun fi mu sanin sauran. A ofisoshi da yawa akan raba masu sa hannu kashi biyu, ba a biya sai an sami ɗaya daga kowane kashi, manufar kuwa ita ce kowanne ya zama birki ga ɗayan. To, amma in na biyun ƙaramin ma'aikaci ne wanda ƙarin girmansa da canjin wurin aikinsa duk suna hannun na farkon, yaya zai yi ya ce a'a? Sai a kawo masa tulin takardu dab da tashi, a ce Maigida ya riga ya sa hannu, mota tana jira. Wannan shi ne Ronin a cikin babbar riga: mabuɗai biyu a takarda, aljihu ɗaya a zahiri. Ranar da bincike ya zo kuwa, mai binciken ba zai tambayi wanda ya matsa maka ba, hannunka zai nuna maka.

Muna so a fahimce mu da kyau. Ba muna kira ba ne ga Ƙungiyar Ɗalibai ta kwashe kuɗinta daga banki ta mai da su kirifto. Farashin yawancin waɗannan kuɗi yana hawa yana sauka kamar zazzaɓi, dokar ƙasa game da su ma ta sha sauyi: Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da su a watan Fabrairu na 2021, ya ɗage hanin a watan Disamba na 2023, sa'an nan Dokar Zuba Jari da Hannun Jari ta 2025 ta sa su ƙarƙashin kulawar hukuma. Banki kuma, duk da jinkirinsa, yana da abin da littafin nan ba shi da shi, watau ana iya tsayar da biya, ana iya kai ƙara. Amma mun san akwai ɗalibai da ke haɗa jari su yi ciniki tare, ko su yi adashi da waɗannan kuɗi, galibi kuma duk dukiyar tana cikin wayar mutum ɗaya wanda aka ce ya fi kowa iya abin. Ga waɗannan, da kuma duk wanda aka ɗora wa sa hannu a ko'ina, muke miƙa shawarwarinmu.

Kada dukiyar jama'a ta kwana a mabuɗi ɗaya, ko na wane ne. In za a raba mabuɗai, a ba mutanen da ba sa cin abinci a hannun juna, waɗanda ɗayansu zai iya ƙin ɗaya ba tare da ya rasa aikinsa ko makwancinsa ba, kowa kuma ya ajiye nasa a na'urarsa, a wurinsa. A zaɓi adadi na hankali, kamar biyu cikin uku ko uku cikin biyar, domin in an ce ɗaya ya isa an koma gidan jiya, in kuma an ce sai duka, ɓatan mabuɗi ɗaya ya rufe asusu har abada. A yi amfani da kwantiragin da ya daɗe ana gwada shi, masana kuma sun bincike shi, a guji sabon da wani aboki ya rubuta daren jiya. Duk izinin da aka bayar na ɗan lokaci a rubuta ranar janye shi, wanda kuma ya sauka daga muƙami a cire mabuɗinsa a ranar da ya sauka. In kuɗin suna da yawa, a sa sharaɗin jinkiri, watau ko hannu sun cika kada biya ta zartu sai bayan kwana ɗaya ko biyu, domin a sami damar farga. Irin wannan sharaɗi ana iya rubuta shi a cikin kwantiragi, ana kuma iya rubuta shi a cikin tsarin mulkin ƙungiya.

Sama da waɗannan duka, kada ka sa hannu a kan abin da ba ka karanta ba, kada kuma ka karanta shi ta idon wanda ya kawo maka. Mai mabuɗi ya gwada abin da allon kwamfuta ya nuna da abin da na'urarsa ta nuna, ya kira wanda ya gabatar da biyan ta wata hanya dabam ya ji daga bakinsa, in kuwa abin da ke gabansa tarin lambobi ne da bai gane ba, to, ya dakata sai ya gane. Mai biro ya nemi ganin takardar kwangila da rasiɗi da shaidar cewa kaya sun iso. Ko kai ne na biyar a layi, ka duba kamar kai kaɗai aka ba amanar. Za a ce kana da tsaurin ido, za a ce kana kawo cikas, mai yiwuwa ma a daina gaishe ka na ɗan lokaci. Wannan duk ya fi sauƙi a kan tsayuwa gaban kwamitin bincike kana rantsuwa cewa ba ka sani ba.

Daga ƙarshe muna kira ga Majalisar Wakilan Ɗalibai, tun da zaɓe yana ƙaratowa, ta duba tsarin mulkinmu ta sa doka ƙarara mai hana sa hannu a kan cak wanda ba a cike ba, ta wajabta manna bayanin shiga da fitar kuɗi a allon sanarwa kowane wata, ta kuma tabbatar an sauya sunayen masu sa hannu a banki cikin makon da sababbin shugabanni suka kama aiki. Muna kuma roƙon malamanmu na sashen lissafin kuɗi da na kimiyyar kwamfuta su haɗa kai su shirya lacca a kan waɗannan al'amura, domin ɗaliban sassan biyu kowanne rabin labarin ya sani. Ku kuma masu jefa ƙuri'a, in ɗan takarar Ma'aji ya zo ɗakinku neman goyon baya, ku tambaye shi ko ya taɓa ƙin sa hannu a kan wata takarda, da kuma abin da ya biyo baya.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya tsare mu daga sharrin hannunmu. Amin.